Na ci amanar yayana, yanzu marayunsa suna hannuna

Baba, ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni Kirista ne, ina zaune a nan Damagaram da mai ɗakina da ƴaƴanmu huɗu. Shekarun baya yayana ya tafi Agadas aikin gini, ya riƙa aiko mini da kuɗi in tara masa mu sayi fili, har suka kai jaka 800. Na zuba su cikin kasuwancin hatsi da niyyar in mayar kafin ya dawo, kasuwa ta karye, kuɗi suka salwanta. Da ya dawo muka yi faɗa, ya daina shiga gidana. Matarsa ta rasu wurin haihuwar autansu, bara shi ma ya rasu a haɗarin mota, ba mu shirya ba. Na kwaso yaransa uku: babban shekararsa 14, macen 10, autan bai cika uku ba. Mai ɗakina ba ta san maganar kuɗin ba. Ta gaji, kullum faɗa, har ta cire yarinyar daga lakwal don ta taya ta aiki. Babban ya fara kwana a waje da ƴan fale, wato gungun samari ƴan daba. Kakarsu ta wajen uwa, Musulma ce a Mirya, tana son a riƙa kai mata su, ni kuma ina tsoro. Wani dattijo a ikkilisiya ya ce in kai su gidan marayu in huta. Na yi azumi, na roƙi gafara ba iyaka, na daina cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da muke ci muna sha a sujada don tunawa da mutuwar Almasihu. Duk sa'ad da autan ya yi zazzaɓi sai in ce hukunci ne. Baba, in na riƙe yaran nan har su girma, Allah zai wanke mini laifina? Ko in kai su gidan marayun?

Ɗanka, daga Damagaram

Ɗana, Ubangiji ya ta'azantar da kai da gidanka, ya raya abin da yayanka ya bari. Amsar tambayarka ta farko ita ce a'a. Ko shekara nawa ka yi kana ciyar da yaran nan, riƙonsu ba zai wanke maka laifi ba, domin ba aikinsu ba ne, ba su kuma da ƙarfinsa. Na fara da wannan saboda a nan ciwon gidanka yake. Ka ɗauko yara uku da suka rasa uwa da uba, ka ɗora musu nauyin kwantar maka da hankali. Duk lokacin da ka dube su, bashin kake gani, da fuskar mamaci. Yaro kuwa yana gane irin idon da ake kallonsa da shi. Wanda aka riƙe don ana ƙaunarsa ya sani, wanda aka riƙe don ana tsoron wani abu shi ma ya sani.

Ka buɗe wasiƙar Bitrus ta fari, sura 1, aya 18 da 19. Ya ce ba da azurfa ko zinariya aka fanshe mu ba, da jinin Almasihu mai daraja ne. In zinariya ba ta isa ba, tiyar hatsin da kake aunawa marayu ba za ta isa ba. Bulus ma a Afisawa 2:8-10 ya jera abin yadda yake: da alheri aka cece mu ta wurin bangaskiya, ba da ayyuka ba, sa'an nan ya ce an halicce mu cikin Almasihu domin kyawawan ayyuka. Ceto ne a gaba, aikin yana biye. Kai ka juya su, shi ya sa kake aiki kana nishi. Kuma 1 Yahaya 1:9 ba ta da wani ɓoyayyen sharaɗi: in mun furta zunubanmu, shi mai aminci ne mai adalci, zai gafarta mana. Ka furta. Ka yarda da maganarsa.

To me ya sa zuciyarka ta ƙi kwanciya? A ganina, don akwai abin da ya rage a hannunka, kuma azumi ba ya biyansa. Jaka 800 ɗin nan har yanzu suna kanka. Littafin Firistoci 6:1-7 ya yi magana a kan mutum irinka daidai, wanda aka ba ajiya ya ci. Doka ta ce ya mayar da abin cif, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar, ya ba mai shi, sa'an nan ya kawo hadaya a yi masa kafara. Abu biyu ne dabam. Hadayar, Almasihu ya riga ya zama ita dominmu. Mayar da kuɗin kuwa ba wanda zai yi maka. Ka tuna Zakka a Luka 19. Yesu ya shiga gidansa tun yana cikin zambarsa, bai jira ya gyara ba. Amma da alherin ya shige shi, ya tashi tsaye gaban mutane ya ce da bakinsa duk wanda ya zambata zai mayar masa ninki huɗu. Wanda ya tabbata an karɓe shi ne yake samun ƙarfin biya.

Mai kuɗin ya rasu, amma magadansa suna kwana a ɗakinka. Kuɗin nan yanzu dukiyar marayu ce. Zan faɗa maka wani abu da nake so ka riƙe da kyau: kada ka kuskura ka lissafa tuwon da suke ci, ko rigar da ka ɗinka musu, ko kuɗin magani, a cikin biyan bashin. Na san Shaiɗan zai raɗa maka cewa ai cikin shekara biyu ka kashe musu abin da ya fi haka. Ciyar da su hakkinsu ne a kanka domin kai baffansu ne, ko da sisin ubansu bai taɓa shiga hannunka ba. Bulus ya ce wanda bai kula da danginsa ba, balle mutanen gidansa, ya yi musun bangaskiya (1 Timoti 5:8). Bashi kuma bashi ne, asusunsa dabam. Ranar da ka raba su biyu a zuciyarka za ka ga ka fara iya yi wa yaran dariya.

Kada ka biya a ɓoye. Da Bo'aza zai fanshi gonar Elimelek ya raya sunan mamaci a kan gādonsa, ƙofar gari ya je, ya zaunar da dattawa goma su zama shaidu (Rut 4). Kai ma ka tara dangi: ƴan'uwanku na wajen uba, kawun yaran ko kakarsu, fastonku, da dattijo ɗaya ko biyu masu riƙe sirri. Ka faɗi adadin da bakinka. A rubuta, kowa ya sa hannu, a ajiye takarda ɗaya a hannun wani ba kai ba. A tsayar da abin da za ka iya fitarwa duk wata ba tare da ka kashe tukunyar gidanka ba, ko jaka biyar ne ko goma, a riƙa sa shi inda kai kaɗai ba ka iya cirewa. In ya taru a sayi filin da ubansu ya yi gumi dominsa, takardar ta fito da sunan su ukun, macen ma a ciki. A ƙasar nan tamu ta Nijar akwai hanyar da doka ta sani: bayan rasuwa iyali su zauna su naɗa mai riƙon yara da mai kula da dukiyarsu, a kai gidan shari'a a tabbatar. Ku bi ta. Takardar za ta kare yaran in kai ma ka faɗi gobe, za ta kuma kare ka daga zargi.

Na san abin da kake tsoro. Mu Kirista a Damagaram ba mu da yawa. Tun da ƴan mishan na SIM suka zauna garin nan a 1924 har yau, jama'armu ƙarama ce, kowa ya san kowa, magana in ta fita safe kafin yamma ta zaga. Kunya za ta zo, ba zan ɓoye maka ba. Amma kunyar yini ɗaya gaban mutum shida ta fi sauƙi a kan wadda kake kwana da ita kai kaɗai tun rasuwar yayanka. Kuma na ga sau da yawa mutumin da ya tashi da kansa ya ce ga abin da na ci, ga yadda zan biya, girmansa ƙaruwa yake yi.

Kafin taron dangi, mai ɗakinka. Ita za ta fara ji, daga bakinka, cikin ɗaki, ba yaro kusa. Wasiƙarka ta nuna kamar ita ce mai taurin zuciya, ni ban gan ta haka ba. Ka duba lissafinta. Tana da huɗu, dare ɗaya suka zama bakwai, ɗaya ma na goyo. Kai ka san ruwa a garin nan: famfo ya ɗauke kwana da kwanaki, a bi ƴan garuwa, a tashi da asuba a ja layi da jarkoki. Wankin yara bakwai, dakan yara bakwai, jinyar dare, duk a kanta suke. Ka tambaye ta kafin ka kwaso su, ko kuwa sanar da ita kawai ka yi? Tana ganin mijinta ya canza, ba ya barci, yana rawar jiki a kan ƴaƴan wani fiye da nasa, ba ta san dalili ba. Macen da aka bari cikin duhu irin wannan dole ta yi zato iri-iri, haushin kuma a kan mafi rauni yake sauka. Ka gaya mata gaskiya duka, ka roƙi gafararta a kan ɓoyon, ka gode mata a kan shekarar da ta yi tana wahala. Za ta iya yin fushi, ka bar ta ta yi. Bayan haka ka tambaye ta abin da zai sauƙaƙa mata, ka kuma saurara da gaske. Wataƙila kuɗin ruwa ne, wataƙila kuɗin niƙa don a rage daka, wataƙila ɗan jarin da za ta shiga adashe da shi ta ji ita ma tana da nata.

Maganar yarinya ba ta jira. Ta koma lakwal. Shekara 10 ba shekarar zama baiwar gida ba ce, kuma kai ka san yadda labarin ƴar riƙo yake ƙarewa in aka fara da haka: talla, aikatau, auren da ba ta shirya ba. Gwamnati ma ta fitar da doka a watan Disamban 2017 don a kare karatun ƴaƴa mata har su kai shekara 16. Ka je da ƙafarka wurin daraktan lakwal ɗin, ka yi masa bayani, kada ka ce sai an koma a watan Oktoba in akwai halin karɓarta yanzu. Aikin gida a raba wa duk yaran da suka tasa, naka da na yayanka, maza da mata. Namiji ba ya karyewa don ya ɗebo ruwa ko ya yi shara. Kwano kuma ya zama ɗaya. Da Dawuda ya ɗauko Mefiboshet ɗan Jonatan, Littafi ya ce a teburin sarki yake ci kamar ɗaya daga cikin ƴaƴan sarki (2 Sama'ila 9). Da Kirsimati in za a yanka yadi, a yanko na mutum bakwai daga turmi ɗaya, ko a haƙura duka. Kada kuma ka wuce gona da iri ka fifita marayun a kan naka don lamirinka yana damunka. Wannan ma rashin adalci ne, kuma shi ne yake haifar da ƙiyayya tsakanin yara.

Babban shi ya fi tsaya mini a rai. Ka yi lissafi: lokacin da kuka yi faɗa da ubansa, yaron nan ya isa ya ji, ya isa ya gane. Ina kyautata zaton ya san maganar kuɗin nan sarai. Ya ji ubansa yana faɗi da dare, ya ga ya daina taka ƙofarka, yau kuma ga shi yana cin tuwo a gidan mutumin da ya sa ubansa baƙin ciki, ana jiran ya ce na gode. In haka ne, kwanan wajen da yake yi magana ce yake yi maka da ƙafa. Duk ɗan Damagaram ya san yadda fale take jan samari: ana ba yaro wurin zama, da suna, da manyan da za su tsaya masa in an taɓa shi. Abin da ya rasa ke nan ranar da aka binne ubansa. Bulala ba za ta dawo da shi ba, kulle ƙofa da dare kuwa miƙa shi ne gare su gaba ɗaya.

Ka kira shi ku fita ku biyu, nesa da gida. Ka gaya masa abin da ka yi wa ubansa ba tare da kwana-kwana ba, ka ce ka yi laifi, ka roƙe shi gafara, ka nuna masa yadda za ka biya. A al'adarmu babba ba ya saurin durƙusa wa yaro, na sani. Amma Ubangijinmu ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, mu ba mu fi shi girma ba. Kada ka matsa masa ya amsa nan take. Ranar taron dangi a zaunar da shi, ya ga takardar da idonsa. Daga nan ku yi shawarar gabansa tare. In kansa yana ja, ya ci gaba har ya sami BEPC, wato takardar gama ƙaramar sakandare. In ya riga ya yanke da aji, akwai cibiyoyin koyon sana'a na gwamnati, akwai kuma masu walda da kanikawa da maɗinka da dukawa, garin nan ba a rasa mai sana'ar da zai karɓi yaro in babba ya kai shi ya kuma riƙa leƙawa. Ka lura da idonsa da barcinsa da cin abincinsa. In ka ga alamar ƙwaya, tramol ko wani abu, ka nemi likita da wuri, kada ka tsaya ɓoyon kunya.

Zazzaɓin auta kuma ba hukunci ba ne, ɗana, wataƙila na sauro ne. Da almajirai suka ga makaho suka tambaya wa ya yi zunubi, shi ko iyayensa, Yesu ya ce ba ko ɗaya (Yahaya 9). Allah ba ya dukan jariri don ya rama a kan baffansa. Ka sa shi cikin gidan sauro kowane dare, ka karɓi maganin rigakafin da ake rabawa yara gida-gida duk wata da damina, jikinsa na yin zafi ka kai shi a gwada jini a ranar. Tun 2006 dokar ƙasa ta ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta a asibitocin gwamnati, ko da yake wani lokacin sai ka sayi maganin a waje. Ka kuma bincika ko an yi masa takardar haihuwa. Yaron da uwarsa ta rasu wurin haihuwarsa, cikin ruɗanin makoki sau da yawa ana mantawa. In lokacin ya wuce, alƙali yana ba da takardar da ke maye gurbinta. Ka nema tun yanzu, da ta sauran biyun, da takardun rasuwar iyayensu, domin taron dangin ma zai bukace su.

Gidan marayu ba na zaginsa. Akwai bayin Allah da suka ba da ransu a can, kuma akwai yaran da ba su da kowa sai shi. Naka suna da kai, suna da kaka, suna da kawunai. Ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2009 kan renon yaran da suka rasa iyaye sun ce a fara neman dangi, ƙanana ƴan ƙasa da shekara uku a rene su cikin iyali, kada kuma a raba ƴan uwa ɗaya in ba dole ba. Kakanninmu sun san wannan tun kafin a rubuta shi. Dattijon da ya ba ka shawarar ya ga nauyin ya yi maka yawa, kuma gaskiyarsa. Sai dai maganin nauyi a kama maka, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ka je wa dattawan ikkilisiya da bukata mai suna: kaye da bik na yara uku, ko buhun hatsi lokacin da ya yi tsada kafin kaka, ko wata daga zumuntar mata ta riƙa ɗaukar autan yini ɗaya a mako mai ɗakinka ta numfasa. Wannan ba bara ba ce. Maimaitawar Shari'a 14:28-29 ta ware zakkar shekara ta uku domin Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa, ikkilisiyar farko kuma ta zaɓi mutum bakwai musamman don kada a manta da gwauraye wurin rabon abinci (Ayyukan Manzanni 6). Muna son karanta Yakubu 1:27 a kan mumbari, cewa addini na gaskiya shi ne kula da marayu da gwauraye cikin ƙuncinsu. To ga marayu uku a cikin jama'armu, a gani a ƙasa.

Kakarsu kuwa, ka kai mata su. Tsohuwar nan ta binne ƴarta, jikokin nan su ne abin da ya rage mata na ganinta. Mirya ba nisa, zumunta kuma a ƙafa take. Ka je da kanka ka gaishe ta da goro da sabulu, ku yi magana a fili: ubansu cikin bangaskiyar Almasihu ya rene su, haka za ka ci gaba, ita kuma kakarsu ce har abada, ƙofarka a buɗe take gare ta. Ku fara da ziyarar yini, ku tafi tare ku dawo tare, in aminci ya ƙaru a yi ta kwana biyu da hutu. Maƙwabtanmu Musulmi ba su ɗauki hakkin maraya da wasa ba, Alƙur'ani a Suratun Nisa'i ya kwatanta cin dukiyarsa da cusa wuta a ciki. In dangin uwar suka ga Kirista ya kira su da kansa ya ce ga dukiyar jikokinku a kaina, ku zama shaida, wannan zai yi musu bayanin bangaskiyarka fiye da gardamar shekara. A gida kuma ka yi addu'a da yaran, ka karanta musu Littafi, ka riƙa ba su labarin ubansu da kirkinsa, amma kada abinci ko kuɗin lakwal su taɓa zama ladan zuwa sujada.

Game da Jibin Ubangiji, ka zauna da fastonka cikin makon nan ka buɗe masa komai. Ba sai ka gama biyan jaka 800 za ka koma teburin ba. Da zarar ka faɗi gaskiya ga waɗanda abin ya shafa, ka kuma ɗaura niyyar biya a gaban shaidu, ban ga abin da zai hana ka ba, domin masu zunubin da suka tuba aka shimfiɗa wa shi. Ka fara da mai ɗakinka kafin Lahadi mai zuwa, yarinya ta koma aji, sa'an nan a sa ranar taron dangi. In an yi, ka rubuto mini in ji yadda kuka ƙare da babban.